Rikoda a Cikin Wando

Daren 31 ga Oktoba, 1975, wasu mutum huɗu suka hau dandamali a wani zaure da ke birnin Stuttgart, a ƙasar da ake kira Jamus ta Yamma a wancan zamanin. Ɗaya ya zauna a bayan ganguna, biyu suka rataya jita, na huɗun ya tsaya gaban ogan. Ba su da mawaƙi, ba su kuma zo don su maimaita wa jama'a abin da ke cikin faya-fayansu ba. Suka yi kiɗa, aka tafa musu, taro ya watse. Sunan ƙungiyar Can. Da an bar abin yadda aka saba, da kiɗan wannan dare ya bi iska, sai ɗan abin da ya maƙale a kan waɗanda suka halarta, shi ma ya riƙa dusashewa har su bar duniya da shi.

Amma wani ya danna rikoda. Kaset ɗin ya zauna a hannun masoya shekara 45 da 'yan watanni, sai a watan Mayun 2021 aka fito da shi a hukumance da sunan Live in Stuttgart 1975, kusan awa ɗaya da rabi. Ni na fara jin sa ne a wani dare na bazara, an ɗauke wuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida da iyafis a kunne. Ban taɓa taka Turai ba, ba a ma haife ni ba lokacin da aka yi wasan. Duk da haka na kwana da jin cewa wani bawan Allah da ban sani ba ya yi mini alheri. Tun ranar nake juya maganar a raina: wanda ya ɗauki kiɗan wani babu izini, ya adana shi shekara da shekaru, ɓarawo ne ko ma'aji? Ni dai na tsaya a kan cewa akwai ma'aji na gaskiya a cikinsu, kuma duniya ba ta gode musu yadda ya kamata ba.

Sai an san irin makaɗan da ake magana a kansu za a gane dalilina. An kafa Can a birnin Kolon a 1968. Irmin Schmidt, mai ogan, da Holger Czukay, mai jitar bes, duk sun yi karatu a wurin Karlheinz Stockhausen, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗan zamani na Turai. Schmidt har ya fara suna a matsayin madugun babbar ƙungiyar makaɗa, irin mai tsayuwa da 'yar sanda a gaba, kafin wata tafiya da ya yi zuwa New York a 1966 ta sauya masa tunani. Michael Karoli, mai jita, ɗalibin Czukay ne, shi ne ƙaramin cikinsu kuma shi ya taso da kiɗan rok a kunne. Jaki Liebezeit, mai ganguna, daga kiɗan jaz ya fito, irin wanda kowa ke kaɗa abin da ya zo masa babu ƙaidi. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa wata rana bayan wasa wani mutum ya tare shi ya ce masa lallai ya koma kaɗa abu ɗaya yana maimaitawa. Maganar ta zauna masa, ya ɗauke ta ya gina rayuwarsa a kanta.

Mawaƙinsu na farko Ba'amurke ne, Malcolm Mooney. Da ya tafi, sai a 1970 Czukay da Liebezeit suna zaune a wani wurin shan shayi a Munik suka hangi wani saurayi ɗan Japan yana waƙa a bakin titi don a ba shi 'yan kuɗi. Suka kira shi, a daren nan ya hau dandamali tare da su. Shi ne Damo Suzuki, wanda muryarsa ke cikin faya-fayan da suka fi yi musu suna: Tago Mago na 1971, Ege Bamyasi na 1972, da Future Days na 1973. Na biyun nan, ga mai son sani, hoton gwangwanin kuɓewa ne a bangonsa, sunan ma da Turkanci kuɓewar yankin tekun Ejiyan yake nufi. Suzuki ya bar su a 1973, shi ya sa a Stuttgart suke su huɗu kawai.

Yadda suke haɗa faifai shi ne gaɓar maganar. Sun kama wani tsohon gidan silima a Weilerswist, kusa da Kolon, suka lulluɓe bangonsa da katifu don sauti ya zauna, suka sa masa suna Inner Space. Su shiga su yi ta kiɗa awa da awanni ba tare da an rubuta komai ba, rikoda mai layi biyu kacal tana juyawa. Bayan an gama sai Czukay ya zauna da reza, ya yanke tef, ya zubar da wannan, ya liƙa wancan da wancan, har waƙa ta fito. Ke nan duk faifan Can da aka sayar a kanti tsintacciyar shinkafa ce, an fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi. Tana da daɗi ƙwarai, amma ba ta nuna maka gonar. Gonar tana kan dandamali, inda babu reza, inda in an ɓata hanya sai an nemo ta a gaban jama'a. Kuma a tsawon shekarun da suka yi tare, daga 1968 zuwa 1979, ba su fitar da faifan wasan dandamali ko ɗaya ba. Schmidt ya faɗa a hirarraki cewa sun gwada ɗauka da kayan ƙwararru, na'ura ta riƙa ba su matsala. Da abin ya tsaya a hannunsu da na kamfani, da rabin abin da Can take ya salwanta.

A faifan Stuttgart ba a sa wa kiɗan sunaye ba. Eins, Zwei, Drei, Vier, Fünf, wato ɗaya zuwa biyar da Jamusanci, shi ke nan. Na ukun ya haura minti 35, kuma shi ne ya kama ni. Liebezeit zai kafa taki ɗaya ya riƙe shi kamar mai daka, sai ka ɗauka ba ya canjawa. In ka kasa kunne sosai za ka ji yana matsar da nauyin bugun kaɗan kaɗan, har ka farga ashe an daɗe da barin inda aka fara. Czukay ba ya yawan magana da jitarsa, ƙwayoyin sauti biyu ko uku zai ajiye a daidai inda ake buƙatarsu, ya bar fili. Karoli ya ja dogon zare a sama, wani lokaci kamar kukan goge. Schmidt kuwa, wanda aka sani da saran ogan da gefen hannu, sai ya riƙa turo wani sauti mai kama da guguwa daga nesa. Akwai wuraren da za ka ji ƙamshin wata waƙarsu da ka sani ya gifta, kafin ka kama ta sun wuce. Akwai kuma inda suke lalube, babu wanda ya san inda aka dosa, ana ta zagaye wuri ɗaya. Wannan laluben nake so. Domin bayansa ne za ka ji lokacin da su huɗun suka haɗu a wuri guda ba tare da kowa ya ce uffan ba, kiɗan ya miƙe ya tashi, tsigar jikinka ta tashi tare da shi. Wanda ya ji haɗuwar ba tare da ya ji laluben ba, bai san abin da aka sha kafin a kai ba.

Kunnen da ya taso da kalangu da kotso ba baƙo ba ne a nan. Mun san kiɗan da ke tsayuwa kan taki ɗaya har sai ya ratsa jiki, mun san makaɗin da ke kallon fuskar taro ya san lokacin da zai ƙara wuta. Ba ina cewa Jamusawan nan daga wurinmu suka koya ba. Abin da nake nufi, ban sha wahalar da wasu ke cewa suna sha ba kafin su gane kiɗan.

To, ta yaya kaset ɗin ya tsira? Tushen wannan jerin faya-fayan shi ne tarin wani masoyi ɗan Ingila da ya riƙa bin Can daga gari zuwa gari a shekarun 1970. Ƙaton wando yake sawa, wanda ya fi ƙarfin ƙugunsa, ya cusa rikoda a ciki don kada masu tsaron ƙofa su gani. Ya ɗauki wasanni da yawa da hannunsa, ya kuma tattara waɗanda wasu suka ɗauka. Ka tsaya ka hango shi: zaure cike da hayaƙi da zafi, kowa na rawa, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam don kada motsi ya ɓata sauti, hankalinsa rabi a kan kiɗa rabi a kan lokacin da tef zai ƙare ya juya shi. Ya sayar da jin daɗinsa na wannan dare don waɗanda ba a haifa ba su ji. Shekaru suka shuɗe, ya ajiye kayansa da kyau, kuma da lokaci ya yi bai kai su kasuwa ba, ya miƙa wa masu su. Schmidt da tsohon injiniyansu René Tinner suka zauna suka saurara, suka zaɓa, aka wanke sautin da na'urorin yau. Bayan Stuttgart aka fitar da na Brighton 1975, da na Cuxhaven 1976, da na Paris 1973, da wasu biyu na 1977. Sun fito ne ta kamfanin Spoon, wanda na gidan Can ne, tare da kamfanin faya-fayai na Mute.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Doka tana bayan makaɗi. Tun Yarjejeniyar Rum ta 1961 ƙasashe suka amince cewa mai wasa yana da kariya daga wanda zai naɗi wasansa babu yardarsa, Amurka ma ta kafa tata dokar a kan haka a 1994. Tikitin da ka saya na shiga ne da saurare, ba a sayar maka da kiɗan ba. Kuma shi mutumin da ya ɓoye rikoda a wando ya san ba a yarda ba, in ba haka ba me zai sa ya ɓoye? Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan satar fasaha ba. Mun ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da 'yan fim da mawaƙan Hausa: mutum ya ci bashi ya yi aiki, kafin ya sayar da kwafi ɗari an cika kasuwa da na jabu, yau kuma ana tura aikin nasa cikin waya a kan kuɗin da bai kai na ruwan leda biyu ba, shi ko sisi. Duk wanda ya ga hawayen irin waɗannan mutane, in ya ji ana yabon mai ɗaukar kiɗa a ɓoye, dole gabansa ya faɗi.

Akwai ma hujjar da ta fi ta kuɗi nauyi a wurina. Robert Fripp, jagoran King Crimson, wata ƙungiyar rok mai gwaje-gwaje daga Ingila, ya shafe shekaru yana yaƙi da ɗaukar hoto da sauti a wasanninsa. A ganinsa, wasa abu ne da ke faruwa tsakanin makaɗi da mai sauraro a daidai wannan lokacin, kuma da zarar wani ya ɗaga na'ura ya fita daga cikin taron, ya kuma ɓata wa makaɗin natsuwa. A zagayen wasanninsu na ƙarshe har alluna ake kafawa a kan dandamali ana roƙon jama'a su ajiye wayoyi, sai an gama, in mai jitar bes ɗinsu Tony Levin ya ɗaga kyamararsa, sannan kowa ya ɗaga tasa. Ina girmama wannan. Makaɗin da zai yi kasada a gaban mutane yana buƙatar ya san cewa in ya zame, zamewar za ta tsaya a zauren. In ya san za a adana kowane kuskure har abada, yana iya daina kasadar, kiɗan gwaji kuwa in aka cire masa kasada me ya rage? Saboda haka in mai wasa ya buɗe baki ya ce kada a ɗauka, ni a wurina magana ta ƙare, a mayar da rikoda aljihu.

Sai dai ko shi Fripp, da kamfaninsa ya fara fitar da tsofaffin wasannin King Crimson ga masoya tun daga 1998, wasu daga cikinsu daga kaset ɗin 'yan kallo aka samo su, domin babu wani abin da ya rage daga waɗannan darare sai su. Ban kawo wannan don in kama shi da saɓa magana ba. Na kawo ne don ya nuna cewa abin da ke damun makaɗi yana ɗan shekara 25 a kan dandamali daban, abin da yake nema yana ɗan 60 yana waiwayen rayuwarsa daban.

Inda nake ganin ana kuskure shi ne haɗa mutum biyu a suna ɗaya. Akwai ɗan kasuwa, wanda ke ɗaukar guminka ya buga ya sayar, ya tare maka ciniki, bai damu ko kai waye ba. Akwai kuma masoyi, wanda ya riga ya sayi duk faifan da ka fitar, ya biya kuɗin mota da na tikiti, abin da yake ɗauka kuma ba ya cikin kowane kanti balle a ce ya rage maka ciniki. Na farkon yana cire maka abin da kake da shi. Na biyun yana riƙe maka abin da da ka rasa. A ranar da aka danna rikoda ba lallai a iya bambance su ba, su biyun a ɓoye suke yi. Abin da mutum ya yi da kaset ɗin bayan nan shi ke fallasa ko wane ne shi. Na Ingilan nan ya riƙe amana shekara da shekaru ya mayar, har masu kiɗan da iyalansu suka ci moriya. Ban ga da wane baki zan kira shi ɓarawo ba.

Makaɗan ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka sun gane wannan bambancin tun da wuri. Su ma ba sa kaɗa waƙa da salo iri ɗaya sau biyu, kuma sun yi wasanni sama da 2,300 tsakanin 1965 da 1995. Da suka ga masu rikoda sun yi yawa, maimakon su sa a riƙa kama su, sai a watan Oktoban 1984 suka keɓe musu wuri a bayan teburin sauti, da sharaɗi ɗaya: a yi musaya, kada a sayar. Masoyan suka riƙe sharaɗin, su da kansu suke ƙyamar duk wanda ya nemi kuɗi. Ƙungiyar ba ta talauce ba, tana cikin waɗanda suka fi cika filayen wasa a Amurka. Wasansu na 8 ga Mayu, 1977, a Jami'ar Cornell, hannu da hannu ya yi ta yawo tsakanin masoya shekaru masu yawa, har a 2012 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin sautukan da ƙasa za ta adana. Sai a 2017, bayan shekara 40, aka fitar da shi a kasuwa, mutane kuma suka saya duk da suna da shi kyauta tuntuni.

Masu cewa a bar wa kamfanoni aikin ajiya su tuna da gobarar 1 ga Yuni, 2008, a harabar kamfanin fim na Universal da ke Hollywood. Ta cinye wani rumbu da ke ɗauke da tef na asali na mawaƙa masu ɗimbin yawa, kuma jama'a ba su san girman asarar ba sai da jaridar New York Times ta tono maganar a 2019. BBC da kanta ta yi shekaru tana goge tsofaffin shirye-shirye don ta sake amfani da tef ɗin, daga baya ta dawo tana cigiya ko akwai wanda ya ɗauka a gida. Rumbu ɗaya gobara ɗaya ta ishe shi. Abin da ke warwatse a gidaje ɗari, a hannun mutanen da ke son sa, ya fi wuyar hallaka.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu daban ne. Yau kowa na da rikoda a aljihu, wadda ta fi ta cikin wandon nan kyau nesa ba kusa ba. Je wurin kowane wasa ko biki ka ga wayoyi a sama kamar dawa a gona. Amma me ake ɗauka? Daƙiƙa 30, rabi fuskar mai wayar ce, a ɗora a WhatsApp, bayan awa 24 ta ɓace, in waya ta cika a goge. An dami makaɗi, an tare wa na baya gani, ba a kuma ajiye komai ba. A nan Fripp ya fi kowa gaskiya. Wancan mai wandon ya ɗauki dare ne sukutum, daga gaisuwa har sallama, ya rubuta gari da kwanan wata a jikin kaset, ya kare shi daga laima da zafi. Irin wannan haƙurin shi ne ya yi ƙaranci. Da makaɗanmu za su ji shawarata, da kowannensu ya nemi mutum ɗaya mai irin wannan zuciya cikin masoyansa, ya ba shi kujera kusa da sifika, ya ce ɗauki duka, ka ba ni kwafi, kada ka sayar. Sauran jama'a kuma su sauke wayoyi su saurara.

Daga cikin mutum huɗun da suka hau dandamali a Stuttgart, uku ba su ga fitowar faifan ba. Karoli ya rasu a 2001, Liebezeit a Janairun 2017, Czukay a Satumbar 2017. Damo Suzuki ya rasu ranar 9 ga Fabrairu, 2024. Bayan mako biyu cif aka fitar da Live in Paris 1973, wasan da suka yi a zauren Olympia ranar 12 ga Mayu na waccan shekara, faifai na farko a jerin da ke ɗauke da muryarsa. Na saurare shi a makon da ya fito. Ga mutumin da aka gama jimamin rasuwarsa, ga shi kuma yana ɗan shekara 23, yana raɗa, yana ihu, yana zuba kalmomin da ba na kowane harshe ba, ganguna na bin sa yana bin su.

Kwanakin baya Kawuna ya zo daga gida ganin likita, ya sauka a wurina. Da daddare na kunna na Stuttgart a 'yar sifika, ba don shi ba, don dai sabo. Mutum ne da in ba kiɗan gargajiya ba ba ya tsayawa ya ji. Ya yi shiru ya fi minti goma, ƙafarsa na motsi a kan tabarma, can ya ce, "Kai ɗan nan, wannan mai gangar ya san hannunsa. Ba ya gajiya ne?" Na ba shi labarin wando da rikoda. Ya yi dariya har da tari, sannan ya yi tsit. Ya ce ai a bikinsa ma an yi haka. Wani maƙwabcinsu da ya dawo daga aikin hajji da rediyo mai kaset, shi ya zo ya ajiye ta a gefen makaɗin kalangun garinmu, babu wanda ya tambaya, ya danna. Makaɗin nan bai taɓa shiga gidan rediyo ba, bai taɓa buga faifai ba, ya rasu tun ina goye, 'ya'yansa kuma babu wanda ya gaji sana'ar. Na ce, "Kawu, kaset ɗin yana nan?" Ya ce in gara ba ta ci ba, yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Da na je gida hutun sallah muka jawo akwatin. Yana nan, cikin tsofaffin rasit da katin asibiti, rubutun jikinsa ya koɗe ba a iya karantawa. Tef ɗin ya manne. Na sa bairo a ramin ina juyawa a hankali, gabana na faɗuwa, ya tsinke a wuri biyu. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa, ya buɗe da ɗan sukurdireba, ya liƙa da salatif, ya sa a wata tsohuwar na'ura da ya ce ita kaɗai ta rage masa mai aiki. Na kara wayata a bakin sifikar na ɗauka. Minti 11 suka tsira, sauran shuuu ne kawai.

Da yamma na kunna wa Kawu a zaure. Kalangu ya fito can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, makaɗin na kiran sunan kakanmu yana masa kirari, yara na hayaniya, wani na cewa a matsa a ba mata hanya. Wajen minti na bakwai sai wata mace ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai kaifi, ta keta kiɗan ta wuce. Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Inna ce." Kakata ke nan, wadda ta rasu ban yi wayo ba, ban taɓa sanin yadda muryarta take ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya share ido da bakin riga, ya ce, "Mayar da shi baya kaɗan."